Dokta Rupert East (1898–1975) da Haruffan Hausa Masu Ƙugiya

Gabatarwa

Duk ɗalibin Hausa da ya taɓa kai jingarsa ko kundin bincikensa shagon buga takardu ya san inda gizo ke saƙar. Mai bugawa zai yi ta zuba gudu a kan allon haruffa, amma da zarar ya iso kan ɓ ko ɗ ko ƙ sai ya tsaya cak. Wani ya sa b da d da k kawai ya wuce abinsa, wani ya liƙa musu ɗan waƙafi a ka, wani kuma ya ce ɗalibi ya sa biro ya yi musu ƙugiya da hannunsa bayan an fitar da takarda. Karan ɗori da alhamza su ma ba su tsira ba, domin na'urar kan juya su yadda ta ga dama. Yawancinmu mun ɗauka kwamfuta ce ta kawo wannan matsala, alhali kuwa matsalar ta girme ta nesa ba kusa ba. Tun zamanin da ake jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya a maɗaba'a ake fama da ita.

A wannan maƙala zan kawo tarihin rayuwar Dokta Rupert Moultrie East, Baturen da ya shugabanci aikin talifi a Zariya kimanin shekara ashirin, wanda a zamaninsa ne haruffa masu ƙugiya suka zauna daram a rubutun Hausa. Sunansa ba baƙo ba ne gare mu, saboda muna haɗuwa da shi a darasin ƙagaggun labarai. Sai dai ni ta fuskar harafi da alamar rubutu da na'urar da ke buga su nake son mu dube shi. Abin da nake son nunawa shi ne, ƙa'idar rubutu ba ta zama da gindinta sai ta sami na'urar da za ta buga ta, da kuma abin karantawa mai daɗi da zai kai ta gidajen mutane. East ya yi aiki a kan duka biyun.

Asalinsa da Farkon Aikinsa

An haifi East a Ingila a shekarar 1898, ya kuma yi karatu a Jami'ar Oksfod. A shekarun 1920 ya shigo Nijeriya a matsayin jami'in ilimi na gwamnatin mulkin mallaka. Ba Kano ko Sakkwato aka fara tura shi ba. Kwarin Binuwai aka kai shi, cikin al'ummar Tiv, inda ya koyi harshensu har ya iya karanta shi da fassara shi. Saninsa da harshen ne ya haɗa shi da Akiga Sai, wanda ya rubuta tarihin Tiv da al'adunsu cikin harshen Tiv. East ya fassara wani ɓangare na wannan aiki zuwa Ingilishi, ya ƙara sharhinsa, aka buga shi a 1939 da sunan Akiga's Story.

Haka kuma ya yi aiki a kan Fulatanci. A tsakiyar shekarun 1930 ya fitar da Stories of Old Adamawa, littafin da ya tattara labaran tarihi cikin Fulatancin Adamawa tare da fassararsu. A lokacin nan ƙasar Muri, wadda Jalingo ke hedikwatarta, tana cikin Lardin Adamawa, domin an haɗe su tun 1926.

Na kawo wannan bayani ne saboda dalili. Ni mutumin Kona ne, a gefen Jalingo, inda da yawanmu ba a nono muka sha Hausa ba. A kasuwa da makaranta da coci da masallaci muka tsince ta. Shi ma East daga waje ya shigo Hausa, ta hanyar harsunan wannan yanki namu. Bakano ko Bakatsine idan ya ga an rubuta baki sun zo, nan take zai gane baƙi ake nufi, saboda kunnensa ya riga ya san kalmar. Mai koyo kuwa abin da ya gani a takarda shi zai furta. A ganina, mutumin da ya koyi harsuna uku na Nijeriya da girmansa ya fi kowa sanin amfanin harafin da ke faɗa wa baƙo gaskiyar sauti.

Yadda Ya Tarar da Rubutun Boko

Kafin zuwan Turawa Hausawa na da rubutun ajami, wanda malamai suka daɗe suna rubuta waƙoƙi da wasiƙu da shi. Ajami ya bambanta wasu daga cikin sautukan da muke magana a kansu. Alal misali, harafin da ake rubuta k da shi daban ne da wanda ake rubuta ƙ da shi, haka ma d da ɗ. Bugu da ƙari, ajami na nuna dogon wasali da gajere.

Rubutun boko kuwa Turawa 'yan mishan da matafiya ne suka fara shi a ƙarni na 19. J. F. Schön, wanda ya buga Magana Hausa a 1885 daga labaran da ya samu musamman a bakin Dorugu, yana cikin na farko. Kunnen waɗannan Turawa bai saba da sautukan da ake furtawa da tsukewar maƙwallato ba, saboda haka sau da yawa ba su bambanta su da takwarorinsu a rubuce ba. Da aka gane bambancin, sai kowa ya kama gabansa. Wasu suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin b da d da k, wasu suka riƙa maƙala musu ɗan waƙafi a sama. Sautin c ma da ch ake rubuta shi, irin na Ingilishi.

Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, shi ne ya fara tsara dokoki, ya buga su a 1912 da sunan Rules for Hausa Spelling. A 1932 aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausar boko, wanda ya kai rubutun har garuruwa irin namu da ba na Hausawa ba. A 1934 kuma G. P. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa, wanda malamai irin su Malam Mahmudu Koƙi suka taimaka wajen haɗa shi. Duk da waɗannan ayyuka, ba a daidaita a kan hanya guda ta rubuta sautukan nan uku ba. Halin da East ya tarar ke nan.

Ofishin Zariya da Gasar 1933

A 1929 gwamnati ta kafa Hukumar Fassara domin samar wa makarantu littattafai. A farkon shekarun 1930 East ya karɓi ragamarta a Zariya. Daga cikin ayyukan wannan lokaci akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka fassaro daga rubuce-rubucen tarihi na Larabci. Ba a jima ba ya lura cewa littafin aji kaɗai ba zai sa mutane su so karatu ba. Yaro zai bar makaranta, ya rasa abin da zai karanta don nishaɗi, sannu a hankali karatun ya zube. A 1933 aka sauya wa ofishin suna zuwa Hukumar Talifi, aka kuma faɗaɗa aikinsa daga fassara zuwa ƙirƙira.

A wannan shekara East ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai. A wata maƙala da ya buga a mujallar Africa a 1936 ya bayyana irin wahalar da ya sha, domin malamai da yawa suna ganin rubutu abu ne na addini da ilimi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Duk da haka aka sami littattafai biyar da aka buga: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East kansa. A 1936 aka ɗauko aron Imam daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku.

A nan ne batun alamomin rubutu ya taso gadan-gadan. Yawancin Hausar da aka rubuta da ajami waƙa ce, kuma a waƙa ƙarshen ɗango da amsa-amo su ke nuna wa mai karatu inda zai tsaya. Labarin zube kuwa cike yake da hira. Wannan ya yi tambaya, wancan ya amsa, wani ya yi kururuwa, mai ba da labari ya sake karɓar zancen. Ba yadda za a bi wannan a takarda sai da aya da waƙafi da alamar tambaya da alamar motsin rai da alamar zancen wani da sakin layi. Ina ganin a waɗannan littattafai ne mai karatun Hausa ya saba da alamomin, tun kafin a zo ana koyar da sunayensu a aji.

Ƙugiya Ta Maye Gurbin Ɗigo

A 1926 aka kafa wata cibiya a Landan domin nazarin harsuna da al'adun Afirka. Lugga ne shugabanta, Vischer na cikin jagororinta, masanin harshe Bajamushe Diedrich Westermann kuma yana ɗaya daga cikin daraktocinta. A 1927 cibiyar ta fitar da ɗan littafi kan yadda ya kamata a rubuta harsunan Afirka, ta sake gyara shi a 1930. Babbar shawararta ita ce, kowane sauti a ba shi harafinsa, a kuma guji ɗige-ɗige da alamomin da ake ɗorawa a kan harafi ko ƙarƙashinsa.

Dalilan a fili suke ga duk wanda ya san maɗaba'ar wancan zamani. Kowane harafi ɗan guntun dalma ne. Ɗigon da ke ƙarƙashinsa shi ke fara cinyewa ko ɓallewa, idan kuma takarda ba ta da kyau ba a bambanta shi da ɗigon tawada. Mai rubutu da hannu ma yakan manta da shi idan yana sauri. Ɗan waƙafin sama shi kuma yana da wasu ayyukan, domin shi ke tsayawa a matsayin alhamza a kalmomi irin su sa'a da jama'a, kuma yana kama da alamar zancen wani. Layi guda da aka cika shi da waɗannan alamomi yakan rikita ido. Ƙugiya kuwa jikin harafin ce, ba ta rabuwa da shi.

Wannan tafarki ne Hukumar Talifi ta bi a ƙarƙashin East. Kafin shekarun 1930 su ƙare, ɓ da ɗ da ƙ sun shiga rubutun Hausa na gwamnati. Sauti na huɗu, wanda ke cikin 'ya'ya da 'yanci, shi aka bar wa ɗan waƙafi, wataƙila saboda kalmominsa ba su da yawa. Shawarar ba ta da arha, domin sabon harafi na nufin a zuba sabuwar dalma, babba da ƙarama, a kowane girman rubutu, a kuma gyara tafireta. Amma amfaninta ya fi kuɗinta. Mu duba kasa da ƙasa, da kafa da ƙafa, da bari da ɓari, da da da ɗa. Wanda ya rubuta cewa Sarki ya hana fada, alhali faɗa yake nufi, ya rufe wa Sarki majalisarsa. Wanda kuma ya ce an kai kara gaban alƙali, to ya tura wa alƙali makamashi.

Gaskiya Ta Fi Kwabo

Harafi ba ya yaɗuwa da takardar umarni. A watan Janairu na 1939 Hukumar Talifi ta fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam ne editan Hausa, East kuma na kula da aikin gaba ɗaya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu na ƙaratowa, gwamnati na son hanyar isar da nata labari da kashe jita-jita. Ko mene ne nufin gwamnati, abin da jaridar ta yi wa harshe ya fi shi daɗewa. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e da sojoji suka riƙa karanta ta, suna kuma aiko da wasiƙu. Duk wasiƙar da ta iso sai an daidaita rubutunta kafin a buga, mai ita kuma ya ga yadda aka raba masa kalmomi, da inda aka sa masa aya, da harafin da aka yi wa ƙugiya. Ta haka jarida ta zama makarantar ƙa'idojin rubutu ga mutanen da suka daɗe da barin aji.

East ya kuma damu da kalmomin aro. A 1937 ya buga maƙala a kan yadda kalmomin Turawa ke shigowa harsunan Arewa. Ya shirya wasannin kwaikwayo shida domin makarantu, waɗanda aka sani da Six Hausa Plays, sannan shi da Imam suka rubuta Ikon Allah a kan halittu. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur ta Zariya, East ne shugabansa na farko. Wannan ya ba Hausa maɗaba'a tata ta kanta, mai haruffanta da ma'aikatan da suka san su. Kamfanin bai tsaya ga Hausa kaɗai ba. Akiga Sai ma ya yi aiki a can a matsayin editan jaridar Tiv mai suna Mwanger u Tiv. A farkon shekarun 1950 East ya bar aiki ya koma Ingila, inda ya rasu a 1975.

Abin da Ake Sukar Sa da Shi

Ba zai zama adalci ba a kawo yabo kaɗai. East ma'aikacin mulkin mallaka ne, kuma aikinsa ya ƙarfafa manufar da ya gada ta fifita boko a kan ajami. Malamin da ya ƙware a ajami ya wayi gari ofis na ƙidaya shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Na biyu, ƙa'idar da ta zauna a zamaninsa ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti. Shi ya sa garin Jalingo da garin tuwo suke da rubutu iri ɗaya. Ga mai koyo wannan giɓi ne babba, kuma a wannan fanni ajami ya fi boko. Na uku, Hausar da littattafai da jaridar suka daidaita a kanta ta fi karkata ga karin Kano, saboda haka Sakkwatanci da sauran kare-kare suka koma gefe a rubuce.

Akwai kuma nauyin hannunsa a kan marubuta. Littafin Akiga ba duka ya fassara ba. Ya zaɓi abin da ya ga dama, ya sake masa tsari, ya shigar da nasa bayani. A Jiki Magayi sunansa na nan tare da na Tafida. Littattafan da Imam ya yi amfani da su wajen gina Magana Jari Ce, na ƙasashen Larabawa da Indiya da Turai, East na da hannu wajen samar da su. Wasu na ganin wannan horo ne, wasu na ganin tsoma baki ne. Ni dai ina ganin duka biyun sun faru, kuma ya kamata ɗalibi ya karanta littattafan yana sane da haka.

Daga Tafireta Zuwa Kwamfuta

Bayan tafiyarsa aikin daidaita rubutu bai tsaya ba. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. An yi taro a Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO, an yi a Kano a 1972, an kuma yi a Yamai a 1980 domin kusanto da rubutun Nijeriya da na Nijar. An gyara dokokin raba kalmomi da haɗe su, amma ƙugiyoyin nan uku suna nan. Bambancin da ya rage sananne shi ne, Nijar na rubuta ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y.

Sai dai maɗaba'a ce ke da haruffan, tafiretar ofis ba kowace ke da su ba. Shekara da shekaru ɗalibai na bin kundayensu shafi-shafi da biro suna yi wa haruffa ƙugiya. Da kwamfuta ta zo, sai aka ƙirƙiro zubin rubutu na musamman. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka taimaka wa marubuta da maɗaba'u ƙwarai a lokacin da babu wata mafita. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ari maɓallin da Hausa ba ta cika amfani da shi ba, a ɗora masa hoton harafi mai ƙugiya. A wasu an ari bakunan da ke gefen allo, a wasu kuma q da x da v. Matsalar ita ce, kwamfutar da ba ta da zubin sai ta nuna ainihin abin da aka danna. Dalilin da ya sa muke ganin qasa da xaya da varawo a wasu rubuce-rubuce ke nan. Ga mu 'yan Taraba abin ya fi muni, domin harsunan yankinmu suna da v ta gaske. A irin wannan zubi sunan Tiv kansa sai ya fito Tiɓ, Vischer kuma ya koma Ɓischer.

Tsarin Yunikod, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya warware wannan. Ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, ta yadda ƙ za ta zauna ƙ a kowace na'ura.

Yadda Ake Buga Su a Yau

Tun da na ce ƙa'ida na buƙatar na'ura, bari in kawo abin da zai amfani ɗalibi. A manhajar Word ta Windows, idan aka rubuta lambar harafi aka danna Alt tare da X, lambar za ta juye ta zama harafin. Lambar ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƙ 0199. Manyansu kuwa, Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198. Mai son ƴ ya rubuta 01B4, babbarta 01B3. Akwai tarko guda a nan. Haruffan a zuwa f suna cikin waɗanda ake haɗa lambar da su, saboda haka idan aka rubuta ba sannan 0199 domin samar da baƙi, na'urar na iya haɗa b da a cikin lambar. Maganin shi ne a fara da U+ kafin lambar. Wanda ke da dogon aiki gara ya shiga Insert, ya zaɓi Symbol, ya ba kowane harafi gajeriyar hanyarsa sau ɗaya, ko kuma ya ƙara allon haruffan Hausa a sashen harsuna na Windows. A wayar hannu ma, idan aka ƙara Hausa a allon rubutu ana samun haruffan.

Karan ɗori shi ne gajeren karan da ke kan allo. Shi muke sawa a kalmomin da aka ninka, kamar sannu-sannu da kashi-kashi, da harɗaɗɗun kalmomi irin su faɗi-tashi da ci-ma-zaune. Ba a barin fili gabansa ko bayansa. Idan aka bar fili, Word kan miƙe shi ya zama matsakaicin kara, wanda aikinsa daban ne. Matsakaicin shi ake sawa tsakanin shekaru, kamar 1898–1975, lambarsa 2013. Dogon karan da ke katse zance kuwa lambarsa 2014. Idan ba a son kalma mai karan ɗori ta rabu a ƙarshen layi, sai a danna Ctrl da Shift tare da karan.

Saura 'y. Idan kalma ta fara da ɗan waƙafi, kamar 'yan ko 'yar, Word kan ɗauka zancen wani za a buɗe, sai ta juya shi baibai. Danna Ctrl da Z nan take yana mayar da shi miƙaƙƙe. Mai son lanƙwasasshe mai fuskantar daidai ya rubuta 2019 ya danna Alt da X. Wanda kuma zai juya tsohon rubutu mai q da x da v zuwa Yunikod ta hanyar nema da musanyawa, ya yi ƙananan haruffa daban, manya daban, sannan ya koma ya duba sunayen mutane da na littattafai ɗaya bayan ɗaya.

Kammalawa

A wannan maƙala na kawo rayuwar Dokta East tun daga kwarin Binuwai zuwa Zariya, da halin da ya tarar da rubutun boko, da gasar 1933, da shigowar haruffa masu ƙugiya, da jaridar da ta yaɗa su, da kuma sukar da ake yi masa. A zamaninsa sai an zuba dalma kafin ƙ ta hau takarda. A namu zamanin lamba huɗu ce da maɓalli biyu. Duk da haka allunan shaguna da saƙonnin waya da wasu jaridu suna fitowa babu ƙugiya ko ɗaya, yaran da ke koyon Hausa a Kona da Wukari da Takum kuwa abin da suka gani shi suke furtawa. Mu da za mu zama malamai da masu fassara da 'yan jarida, a hannunmu abin yake. Ina ba da shawara kada ɗayanmu ya karɓi aiki daga shagon buga takardu sai ya duba haruffan nan, kuma ya koya wa mai shagon lambobinsu kafin ya fita. Haka nan ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai ta rubuta lambobin a takarda guda ta manna a allon sanarwa na sashe, domin sababbin ɗalibai su same su tun daga shekarar farko.